Numfashin Yaya Gwadabe

Asabar, 1 ga Afrilu, 2017, bayan azahar

A bayan littafin shirin darasina nake rubutu, tunda an yi hutu ba wanda zai buɗe shi. Ni da nake koya wa 'yan aji uku miƙe layi, yau hannuna ya ƙi tsayawa a kan layi.

Yayana Gwadabe yana babban asibiti nan Rano tun jiya da safe. Ba ya iya numfashi sai a zaune.

Bari in bi abin daki-daki, ko zuciyata ta lafa. Maigidana Musbahu, Baban Afra'u, feshin kumfa yake yi. A wani kamfanin ɗakunan sanyi ya koya a Kano, shekara shida, ya dawo gida da injinsa da tsohon tari wanda bai taɓa rabuwa da shi ba. Duro biyu ne, ja da shuɗi. Ruwan cikinsu yana haɗuwa a bakin bindigar feshi, a fesa a cikin rufin kwano, ya kumbura kamar ƙullin waina, ya bushe ya yi tauri. Zafin rana ba ya ratsa shi. Masu kaji da masu siton albasa da kafintoci suna ta nemansa tun da bazara ta kama.

Ranar Alhamis yana da aikin ɗakin kajin Alhaji Hammadu a Kibiya. Abokin aikinsa ya tafi biki, sai Yaya ya ce shi zai zo daga Saji ya kama masa, tunda rani ne ba aikin gona. Ya iso da sassafe a kan babur. Ni na kai masa koko da ƙosai zaure.

Sun toshe tagogin ɗakin da leda don kada iska ta kwashe feshin. Awa huɗu suka yi a ciki. Yaya ya dawo lafiya lau, har ya ci tuwo a nan, yana cewa idonsa ne kawai yake ganin wani hazo shuɗi-shuɗi a kewayen fitila. Da asubar Juma'a matarsa Huseina ta bugo waya tana kuka.

Iyakar abin da ya faru ke nan.

Lahadi, 2 ga Afrilu, da hantsi

Na dawo daga asibiti. Tun daga bakin ƙofar ɗakin maza na jiyo shi. Wani irin sauti ne, kamar ana busa ƙaramin usur a cikin tulu. Mutumin da yake ɗaukar buhun masara shi kaɗai ya ɗora a kan amalanke, yau kafaɗunsa ne suke tashi suna sauka, leɓensa ya yi toka-toka.

Da ya gan ni sai ya zame abin iskar daga hancinsa, ya ce, "Malama... kin zo... duba... ɗalibi?"

Kalma ɗaya, hutu ɗaya. Na yi dariya don ya ga na yi. Huseina ta mayar masa da abin, ta ce, "Don Allah ka daina magana."

Na kai kunun gyaɗa, bai sha ba.

Lahadi, bayan magariba

Baban Afra'u ko tari bai ƙara ba. Lafiyarsa ƙalau. Na gode wa Allah, sannan na ji tsoron godiyar da na yi.

Litinin, 3 ga Afrilu, bayan la'asar

Likita ya ce a kawo masa takardar da ke manne a jikin duron. Baban Afra'u ya ɓamɓaro ta da wuƙa ya kai. Ina tsaye a bayansa a baranda.

Likitan ya daɗe yana karantawa. Ya ce, "Malam Musbahu, ka san wannan ba a shaƙarsa?"

"Na sani, likita."

"Ba ku da abin rufe fuska? Mai filta nake nufi, ba ƙyalle ba."

"Akwai."

"Ku biyu kuka shiga ɗakin. Guda nawa ne?"

Baban Afra'u ya sunkuyar da kai. Ni kuma sai na tuna na bar fulas ɗina a ƙarƙashin gado, na koma ciki ɗauka. Da na fito sun gama.

A hanya, ina bayan babur, ban tambaye shi amsar da ya bayar ba. Shi ma bai faɗa ba. Abin da kawai ya ce shi ne, wai sinadarin ya ƙona hanyoyin iskar cikin huhu, kamar yadda ruwan zafi yake saɓule fata, kuma ba a san iyakar ɓarnar ba sai kwanaki sun ja.

Talata, 4 ga Afrilu, da hantsi

Wanki na yi. Rigar da Yaya ya bari a nan ranar Alhamis tana cikin kayan. Kumfar ta bushe a kafaɗarta da hannuwanta, ƙuraje-ƙuraje masu ruwan ɗorawa, ba sa fita ko da an kankare. A aljihu na sami ƙyallen da ya ɗaura a hanci. Tsohon ɗankwalina ne, mai zanen ganye. Ni na miƙa wa Baban Afra'u shi.

Warin kifi yake yi. Na wanke sau uku, warin yana nan.

Takunkumin aikin yana rataye a ƙusa a bakin ɗakin kaya, da filtocinsa biyu a kumatu. Duk inda na juya a tsakar gida sai in ga kamar kallona yake. Na sauke shi na cusa a buhu. Ɗayan, wanda gilashinsa ya tsage, yana nan inda aka jefar da shi a bayan randa. Shi ma na cusa.

Laraba, 5 ga Afrilu, bayan azahar

An wuce da shi Kano. Sun ce can akwai injin da babu a nan.

Inna ta zo daga Saji kafin motar ta tashi. Mahaifiyarmu ba ta kuka a gaban mutane, ko ranar da mahaifinmu Baffa ya rasu ba ta yi ba. Ta dai dafa ƙafar Yaya tana motsa baki. Da motar ta fita daga ƙofa sai ta juyo ta ce mini, "Hansatu, shi mijin naki ba tare suka shaƙa ba?"

Na ce, "Inna, jiki da jiki ai ba ɗaya ba ne."

Ta ce, "Haka ne."

Ban yi mata ƙarya ba. Na duba maganar ta kowane gefe, babu ƙarya a cikinta.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da safe

Mako guda. Daidai wannan lokacin ina tsaye a can, kusa da randa. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhaji Hammadu ya zo jaje bayan an sauko daga masallaci. Mutumin kirki ne, ya kawo kiret biyu na ƙwai ya ce a kai wa mai jiki. Suna cikin zaure shi da Baban Afra'u, ina jin su daga tsakar gida.

Yana ta yabon aikin. Wai ya zuba kajin shekaranjiya, ɗakin sanyi kamar gindin tsamiya, ko ɗaya ba ta buɗe baki tana haki ba. Bara war haka kullum sai ya kwashe matattu. Ya ce ɗaki na biyu yana nan yana jira, duk ranar da hankali ya kwanta.

Baban Afra'u ya ce, "Alhaji, ka nemi wani."

Kaji suna numfashi lafiya a Kibiya.

Abin da na lura da shi yau, wanda ban taɓa lura da shi ba shekara bakwai a gidan nan: duk abin da aka faɗa a zaure ana jin sa a bakin randa, tar, kamar a kunne. Na tsaya riƙe da moɗa. In ana ji daga can zuwa nan, to daga nan zuwa can fa?

Lahadi, 9 ga Afrilu, bayan magariba

Mun je Kano mun dawo. Ba a barin kowa ya shiga sai Huseina, ita ma minti biyar. Mu a ƙarƙashin wata bishiya muka zauna a harabar asibitin, ni da Inna da Kawu Ramalan ƙanin Inna, da Baban Afra'u.

Kawu ba ya zagaye-zagaye. Ya ce, "Musbahu, likita ya gaya mini abin rufe fuska ɗaya ne. Wa ya sa?"

"Ni ne, Kawu."

"Kai da ka san dafin abin, kai ka rufe fuskarka, ka bar baƙonka da tsumma?"

"Haka aka yi."

"Ba wanda ya ce maka ka ba shi? Zuciyarka ba ta ce maka ba?"

Baban Afra'u bai dube ni ba. Ko da wutsiyar ido bai dube ni ba. Ya ce, "Shawarata ce ni kaɗai, Kawu. Son kai ne ya ja ni. Duk abin da kuka yanke a kaina daidai ne."

Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska. Kawu ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya tashi ya bar wurin.

Ina zaune. Bakina yana nan, harshena yana nan. Ina ta kallon wasu tururuwa suna jan ɓawon gyaɗa.

Litinin, 10 ga Afrilu, da hantsi

Na aika Afra'u gidan maƙwabta, na sami babanta a ɗakin kaya yana naɗe tiyo.

Na ce, "Me ya sa ka faɗi haka?"

Ya ce, "Ƙarya na yi? Ba ni na sa ba?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Hansatu, ni ne mai sana'a. Da na ga ɗaya ya fashe, kamata ya yi in ce an fasa aikin sai an samo wani daga Kano. Kwana biyu ne kawai. Na ji kunyar Alhaji, na ji kunyar in ce wa Yaya ya koma Saji bayan ya taso. Wannan nawa ne, ba na kowa ba."

"Sauran fa?"

Ya ajiye tiyon. Ya ce, "Ni suruki ne. In sun tsane ni, bare suka tsana. Ke uwa ɗaya gare ki, wa ɗaya. Ki bar shi a inda yake."

Na ce to. Wallahi na ce to, kuma na ji daɗi da ya faɗa. Wannan ma ban so rubutawa ba.

Laraba, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Huseina ta bugo. Sun zura masa tiyo ta maƙogwaro, inji ne yake yi masa numfashi. Ta ce, "Hansatu, ki yi ta addu'a, ke ce ya fi so a duk 'yan'uwansa. Kafin su sa masa abin sunanki ya kira."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Sunan kawai. Bai iya ƙarasawa ba."

Laraba, bayan la'asar

Me zai ce?

Alhamis, 13 ga Afrilu, da safe

Duk ƙarar waya sai in zabura. Na mayar da ita marar sauti, sai kuma na koma duba ta kowane minti.

Ina aji shida Baffa ya rasu. Dangi suka ce karatun ya isa haka. Yaya yana da shekara goma sha tara, ya ce bai isa ba. Shi yake goya ni a keke daga Saji zuwa Rano ran Litinin, ya dawo ya ɗauke ni ran Juma'a, damina da rani. In mun zo hawan tudu ba ya yarda in sauka, sai ya miƙe tsaye a kan feda yana cewa, "Riƙe ni da kyau, ƙirjin yayanki na ƙarfe ne." Ni kuwa na yarda. Har na girma, na yi aure, na haihu, ban daina yarda ba.

Ya Allah, Ka san ban nufe shi da sharri ba. Ka san tsoro ne.

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Kawu Ramalan ya zo. Bai shiga ba, bai amsa gaisuwar Baban Afra'u ba, a ƙofar gida ya sa aka kira ni.

Ya ce Inna ta ce in tattara kayana ni da yarinyar in koma Saji, har a ga abin da Allah zai yi. In Gwadabe ya tashi, a zauna a yi magana. In kuwa ta Allah ta kasance, to shi da kansa zai kai maganar gaban alƙali, don rai ba abin wasa ba ne, kuma ba za a bar 'yarsu a hannun mutumin da zai iya yin haka ba.

Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu."

Ya ce, "Ke ma tausayinki nake ji. Kina zaune da mutum ba ki san shi ba."

Baban Afra'u ya ji komai. Da na shigo ya ce, "Ki je. Umarnin uwa ne." Ya shiga ɗaki ya sauko mini da akwati daga kan sif.

Litinin, 17 ga Afrilu, da hantsi, Saji

A ɗakin Inna nake kwana. Mata suna ta shigowa jaje, kowace sai ta taɓa Baban Afra'u kafin ta fita. "Ashe haka yake?" "Mutum mugun icce." Wata ma cewa ta yi dama tun farko ita ba ta yarda da mai shiru-shiru ba. Ina zuba musu ruwa, ina cewa an gode.

Talata, 18 ga Afrilu, bayan azahar

Yau na kusa.

Muna tsince wake ni da Inna, ba kowa. Na ce, "Inna, ranar Alhamis ɗin nan, da safe..."

Ta ɗago. Idonta ya faɗa, kwana goma sha takwas ba ta cin abin kirki. Ta ce, "Ki bar tuna ranar nan, 'yar nan. Ke me kika sani? Kina cikin gida. Da ba ke a kusa da ni, da ban san yadda zan yi ba."

Na ce, "Dama cewa zan yi ya sha kokonsa sosai."

Ta ce, "Allah sarki."

Alhamis, 20 ga Afrilu, da safe

Mako uku. Yana numfashi, ko inji yana yi masa. Ban san wanne ake ƙirgawa ba.

Juma'a, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

An cire tiyon! Huseina ta ce ya buɗe ido, ya nemi ruwa. Inna ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida, kan turɓaya. Gida ya cika da hamdala.

Na yi murna. Allah shaida ne na yi murna, har na rungume Inna muna kuka. Sai can da na shiga kewaye abin ya faɗo mini. Wanda ya tashi zai yi magana.

Litinin, 24 ga Afrilu, bayan azahar

An koma makaranta. Daga Saji nake hawa mota. Na sayi sabon littafin darasi, wannan ya koma ƙasan akwati. Na hango Baban Afra'u a bakin tasha, ya rame. Ya tambayi Afra'u, ya tambayi jikin Yaya. Ya ce ya kai injin da durorin Kano ya bar su a can. Bai ce in dawo ba.

Alhamis, 27 ga Afrilu, bayan magariba

An sallamo Yaya. Sai da mutum biyu suka riƙe shi daga mota zuwa ɗaki. An ba shi wani abin shaƙa shuɗi da zai riƙa yawo da shi a aljihu. Likita ya ce huhun ba zai koma yadda yake ba, kuma ko warin fenti ko hayaƙi mai ƙarfi ya shaƙa, ƙirjin zai iya rufewa.

Mun gani da idonmu tun kafin a yi sallar magariba. Wata maƙwabciya ta shigo da kaskon turaren wuta don a kori warin asibiti. Ko zama ba ta yi ba usur ɗin ya tashi. Ya dafe bango, idanunsa suka firfito, Huseina tana laluben aljihunsa. Ni na fizge kaskon na watsar a waje. Da ya dawo daidai, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya ɗan daɗe.



Asabar, 29 ga Afrilu, da hantsi

Kwana biyu ina kai masa abinci in ajiye in fito. Kawu ya ce gobe bayan la'asar za a zauna a kan maganar aurena.

Lahadi, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Zan rubuta duka, yadda ya faru.

Da hantsi Huseina ta ce yana kirana. Yana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya ta bayan ɗaki, ya jingina da filo biyu. Ya miƙo mini mafici. Na durƙusa ina yi masa fifita. Yanzu yana haɗa kalma huɗu ko biyar kafin ya huta.

Ya ce, "An ce yau za a raba ki da mijinki."

Na ce, "Haka Kawu ya ce."

"Ke me kika ce?"

Na ci gaba da fifita.

Ya dubi can wajen rumbu, ya ce, a hankali, da irin muryata, har da inda na ja da inda na sauke: "Wallahi in ka cire naka ka ba shi ban yafe ba. Kai ne mai tari. Shi Yaya ƙirjin manomi gare shi, ba abin da zai same shi."

Maficin ya faɗi daga hannuna.

Ya ce, "Ina zaure. Kokon yana hannuna. Na ji mijinki yana cewa shi zai ɗaura ƙyallen, ni in sa mai kyau. Na ji ki."

Na kifa kaina a kan ƙafarsa. Ban san me na riƙa faɗa ba. Ya bar ni na yi mai isata.

Sannan ya ce, "Tashi ki ji. A Kibiya ya sake miƙo mini. Sau biyu. Ni na ƙi karɓa. Na ce ƙanwata ta yi rantsuwa." Ya huta. "Kuma na ɗauka gaskiya kika faɗa. Na ɗauka ba abin da zai same ni."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ina jin usur ɗin yana shiga yana fita. Ya ce, "Ranar da suka zo sa mini tiyo, na so in ce miki na yafe, kada in tafi da shi. Wannan ya wuce. Amma wanda kika yi bayan nan, ba ni kika yi wa ba. Kin bar bawan Allah yana shan zagi wata guda. Ni ba zan faɗa wa Inna ba. Bakinki ne."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Kawu, da Inna, da Yaya a jingine, da Baban Afra'u can gefe kusa da ƙofa, ya tattara takalmansa a gabansa kamar mai shirin a kore shi. Kawu ya yi salati ya fara. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ina da magana."

Baban Afra'u ya ce, "Hansatu."

Na ce, "A'a, bari."

Na faɗa. Ban rage ba, har ɗankwalin. Muryata kamar ta wata.

Kawu ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai. Ya dubi Baban Afra'u ya ce, "Kai ma da naka, da ka fasa aikin da duk ba a zo nan ba. Amma na zalunce ka da bakina. Ka yafe ni."

Inna ta dube ni kamar mai son gane ko 'yar wace ce. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Talata, 2 ga Mayu, bayan azahar, Rano

Na dawo ɗakina. Da na je yi wa Inna sallama tana kan sallaya, ba lokacin salla ba ne. Na jira, na jira. Ta ɗaga hannu kawai.

Lahadi, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Saji. Inna ta karɓi Afra'u ta goya, ta ba ta gyaɗa. Ni ta amsa gaisuwata, "Lafiya lau," ta ci gaba da abin da take yi. Huseina ma ta rage sakin fuska. Ban ga laifinsu ba.

Yaya ya taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida ya dawo ba tare da ya shaƙi abin ba. Na ƙirga, taku arba'in da shida.

Asabar, 20 ga Mayu, bayan magariba

An yi ruwan shuka jiya, mai yawa. Da sassafe Baban Afra'u ya ɗaure sungumi a babur ya ce in hau.

Gonar Yaya tana bayan garin Saji kaɗan. Mun tarar da shi ya riga mu, yana tsaye a bakin gonar da ƙwaryar irin gero, wai shi zai bi baya yana zubawa. Huseina ta yi ta hana shi a gida bai ji ba. Baban Afra'u bai yi masa musu ba, ya shiga gaba yana sara, Yaya yana biye, ya zuba ya take da diddige.

Layi ɗaya. Layi biyu. A tsakiyar na uku ya tsaya. Ya sunkuya ya dafa gwiwa. Daga inda nake ina jin usur ɗin. Na ruga, ya ɗaga mini hannu, ya ciro abin shaƙarsa da kansa. Muka tsaya mu biyu muna kallon bayansa yana tashi yana sauka, ba mai motsi, har ya lafa.

Ya ɗago ya dubi gonar har ƙarshenta, inda ya saba gamawa kafin azahar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini ƙwaryar.

Ya ce, "Kaɗan-kaɗan ake zubawa, Malama. Kada ki cika hannu."

Na tuɓe takalmi na ɗaure zani. Rabona da shuka tun ina yarinya. Ya koma gindin ɗorawa ya zauna, yana yi mana gyara daga nesa in layi ya karkace, kalma uku, hutu, kalma uku.

Wajen azahar na hango Inna tafe a kan hanyar gona da ƙwaryar fura a ka. Ta sauke wa Yaya tasa. Ta zuba wa Baban Afra'u, ta ce masa sannu da aiki. Ni ina can tsakiyar gona ban taso ba, na ci gaba da zuba iri ina takewa.

Ta tsaya a bakin kunya tana kallona. Can ta ce wa Yaya, da ƙarfi yadda zan ji, "Ka ce wa waccan ta zo ta sha, rana ta yi."

Yaya ya buɗe baki zai kira ni, iskar ba ta kai ba. Ya sake gwadawa, ba ta kai ba. Sai Inna ta ajiye ludayin, ta kira ni da kanta.